Rigar da Yaya Sabi'u Ya Shigo da Ita

Gidanmu na Sabo dogon gida ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, kwanon rufinsa ya yi ja da tsatsa kamar na sauran gidajen Ibadan. Can ƙarshen tsakar gida, kusa da rijiya, Iya take da murhunta. Ita ta haifi babanmu. Sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma ba ta suya da rana, ta ce zafin wuta da zafin rana sun yi wa tsohuwa yawa a haɗe. Sai an idar da magariba take hura wuta ta ɗora kasko, mu yaran gida mu kewaye ta muna murza mata tunkuza. Ladanmu gutsattsarin da ya karye a cikin mai, da kuma tatsuniya.

A waje Yarabanci muke yi da junanmu, mu gauraya da Turancin kasuwa, amma a gaban murhun Iya babu wanda ya isa. "Mai son yi mini e jo e jo ya tafi Mokola ya yi," haka take cewa. Tun tana amarya jirgin ƙasa ya kawo ta daga wani ƙauye na ƙasar Kano, ta tsufa a Sabo, amma bakinta bai taɓa sauka daga Arewa ba. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, na kura mai kwaɗayi da zomo mai wayo. Ɗaya ce kawai ta fita daban. Sau ɗaya ta yi mana ita, kuma ita ce na kasa mantawa.

A lokacin ina ƙaramar sakandare. Babanmu ɗan dako ne a kasuwar Bodija har bayansa ya gaza, ya koma zama a gida yana jan carbi. Yayana Sabi'u ya gama sakandare ya daɗe yana yawon neman aiki, har takalminsa ya cinye. To ran nan, muna cikin murza tunkuza, sai ga shi ya shigo da sallama mai ƙarfi, yana sanye da wata riga marar hannu, ruwan ɗorawa, mai sheƙi. Ya samu aiki wurin wasu mutane da aka ba kwangilar korar masu talla daga bakin titi. Umma ta fito daga ɗaki tana guɗa, Baba ya ɗaga hannu yana hamdala daga kan tabarmarsa. Ban taɓa ganin Yaya da fara'a irin ta wannan maraicen ba.

Ya durƙusa gaban Iya. "Tsohuwa, yau mijinki ya zama ma'aikaci. Sai ki fara shirin sabon zane."

"Mai gidana ke nan," in ji ta. "Juya in ga bayanka."

Ya juya. Akwai manyan baƙaƙen haruffa a bayan rigar. Iya ba ta yi boko ba, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Saude, me suka rubuta wa mijina a gadon baya?"

Na karanta mata: enforcement. Na ce ai su ne mutane ke kira 'yan enfosmen, kuma daga kalmar enforce aka samo ta. Ba a daɗe da koya mana ita a aji ba, don haka na baje ilimina ina jin kaina. Na ce ma'anarta a sa mutane su bi doka, ko suna so ko ba sa so.

"Shi ya kafa dokar?"

"A'a, Iya. Mai kafawa daban, mai enforce daban."

"Uhm." Ta juya ƙuli a cikin mai.

Na ci gaba. Na ce malaminmu ya nuna mana akwai wata kalma a kwance a cikinta, force, wato ƙarfi. Kuma ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu rubuta cewa an enforce mutum, zai ja mana jan biro. Doka ake enforce, ko yarjejeniya, ko hukuncin kotu. Har shiru ma ana iya enforce ɗinsa a aji. Amma ba mutum ba.

Iya ta tsayar da cokalinta. "To in dokar ake yi wa, shi wanda aka danne ɗin fa? Ina yake a cikin maganar?"

Na yi tunani. Na ce, "Ba ya ciki, Iya."

"Ba ya ciki," ta maimaita a hankali. Sannan ta ce, "Ku matso. Ga wata nan ta iso, ba ni na kira ta ba."

Muka amsa yadda muka saba: "Ta shigo mu gan ta."

Ta ce a wani gari na bakin kogi an taɓa yin gobara da rani, ta cinye rumbuna da bukkoki har da awaki a turke. Mai gari ya fusata, ya ce daga yau in rana ta faɗi kada a sake ganin wuta a gidan kowa. Aka nemi wanda zai riƙa zagayawa yana tabbatar da haka, aka samu wani saurayi mai suna Tanko, maraya, mai ladabi, wanda kowa ke aika. Aka ba shi tulu da jar hula. Da rana ta faɗi sai ya cika tulunsa a kogi, ya bi gida gida, inda duk ya ga garwashi ya kwara ruwa.

"Ba mugu ba ne," in ji Iya. "Ku riƙe wannan. Sai ya yi sallama kafin ya shiga. In ya kashe wuta har haƙuri yake bayarwa. Yana cewa, ba ni ba ne, doka ce."

Rani ya wuce, damina ta zo, bukkoki suka jiƙe har ko ka cinna musu wuta ba za su kama ba. Amma ba wanda ya ce wa Tanko ya daina, shi ma bai tambaya ba. Wata rana aka wuni ana ruwa, sanyi ya sauko. Ya shiga wani gida a gefen gari ya tarar da mace ita kaɗai, ɗanyen jego, mijinta ya yi tafiya. Ta hura 'yar wuta tana ɗumama ruwa, jinjirin yana ƙirjinta, jikinsa ya yi sanyi.

A nan Iya ta sauya murya, ta siranta ta. "Tanko, ka san ni. Ni na yi maka ɗinkin rigar sallarka. Ka bar mini ita ta yau kaɗai. Ka ce ba ka gani ba."

Tanko ya tsaya da tulu a kafaɗa. Ya dubi matar, ya dubi wutar. Hawaye na zubo masa ya ce, "Ba ni ba ne, doka ce." Ya kwara.

Da gari ya waye jinjirin ya rasu. Uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Tanko ya ajiye tulu ya tafi gaban mai gari, ya faɗi ya ce a sauke masa wannan aiki, ba zai iya ba kuma. Mai gari ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wane aiki?" Ya ce na dokar wuta. Mai gari ya juya ga mutanensa ya ce, "Wai akwai wata dokar wuta?" Sai wani tsoho ya tuna masa. Mai gari ya yi dariya ya ce, "Af, ta lokacin gobara? Har yanzu kana nan kana yi?"

Daga wannan rana sanyi ya shiga jikin Tanko. Ko ana zafin bazara rawar ɗari yake yi. Kuma duk murhun da ya zauna kusa da shi sai wutar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu, ba iska ba ruwa. Mata suka fara rufe ƙofa in sun hango shi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya doke shi, kawai ba a ba shi wurin zama. Ya bar garin ya tafi wani, can ma haka. Har ya mutu bai sake jin ɗumi ba.

"An ce har yanzu yana yawo," in ji Iya. "Ba cutar da kowa yake so ya yi ba. Wurin jin ɗumi yake nema. In kuka ga wuta na ci lafiya lau sai ta dushe haka kawai, to shi ne ya zo ya tsuguna. Nan ta tsaya, ni ma nan na tsaya."

Ƙanwata ta cusa kanta a cinyata. Ina jin mai yana tsartsatsi a kasko, ina satar kallon wurin da ba kowa a gefen murhu. Sai Yaya Sabi'u ya yi dariya. Yana jingine da bango tun farko, da rigarsa a jiki.

"Tsohuwa, da ni kike, na gane. To ni ba tulu aka ba ni ba. Hanya za mu gyara, motoci su wuce, a daina kaɗe yara."

"Allah ya sa," in ji Iya. "Zo ka ci ƙuli tun da zafinsa."

Ya zo ya ci. Aka kira isha'i, muka watse.

Watannin farko lafiya lau. Abinci ya gyaru a gidanmu, aka kai Baba asibiti aka duba bayansa. Yaya kan dawo da labarai: yadda da an hango motarsu sai a ɗauki ihu, "Enfosmen! Enfosmen!", masu lemo da masu burodi da masu rake su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Da farko yana ba da labarin yana dariya. Daga baya ya daina dariyar. Daga baya kuma ya daina ba da labarin. Na lura ya koma cire rigar tun daga bakin unguwa, ya naɗe ta a leda kafin ya shigo. Rabin masu tallan nan mutanenmu ne, da su yake haɗa sahu a masallaci.

Abin da ya faru ban gani da idona ba. Daga bakin mutane na fara ji, sai bayan shekaru na ji daga bakinsa.

Akwai wani dattijo a bayan layinmu, Malam Iro mai goro. Yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma kullum in zai wuce sai ya leƙo ya ajiye wa Iya goro fari. A bakin titi wajen Mokola yake kasa farantinsa. Ran nan da hantsi motar su Yaya ta tsaya a wurin. Aka ɗauki ihu, kowa ya kwashi kayansa. Malam Iro ya ɗora faranti a ka ya fara gudu irin nasa. Mutane sun ga Sabi'u ya diro daga mota ya bi shi a guje, yana ɗaga hannu yana kira. Dattijon ya waiga sau ɗaya, ya ga ruwan ɗorawar nan a bayansa, sai ya faɗa titi. Wata babbar mota ce ke gangarowa. Direban ya taka birki, amma ina.

An ce goron ya watsu har tsallaken titi. An ce Sabi'u ne ya ɗauke shi, kuma a hannunsa ya cika.

Bayan la'asar aka yi jana'iza. Yaya ya je, ya tsaya a sahun ƙarshe. Ba wanda ya ce masa kanzil. Da aka dawo ana gaisawa, hannuwa suka riƙa wuce shi. Ya shigo gida ba rigar, ban san inda ya yar da ita ba, ya shige ɗakin samari ya rufe. Da daddare maƙwabcinmu ya kunna labaran Turanci a rediyo, na ji kalmar nan ta wuce: ana ci gaba da enforce dokar hana talla a bakin titi. Ban ji an ambaci sunan kowa ba.

Iya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ko da wasa ba ta taɓa cewa ba. Washegari da magariba ta hura wutarta, ta aike ni. "Je ki ce mai gidana ya zo."

Na ƙwanƙwasa. Ya ce daga ciki, "Ki ce mata na gode."

Na dawo na faɗa mata. Ta sauke kaskon, ta ɗebi ƙuli a kwano, ta tashi da kyar tana dafa bango, ta je ƙofar da kanta. Ina jin ta tana cewa, "Sabi'u, tatsuniya ce fa. Ni na ƙaga ta. Babu wani Tanko. Fito ka zauna cikin 'yan'uwanka." Ranar ce kaɗai na taɓa jin ta kira shi da sunansa. Bai buɗe ba. Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta dawo, ta zauna ba ta mayar da kaskon ba. A daren ba a yi tatsuniya ba, kuma da aka koma yi, sai na kura da zomo.

Bayan an share makoki Yaya ya je wurin matar marigayin, Gwaggo Asabe. Umma ce ta raka shi, ita ta ba mu labari. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki. Gwaggo Asabe ta dube shi ta ce, "Sabi'u, a gabana aka yi sunanka. Nawa haƙƙin na yafe, duniya da lahira. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba."

Kafin damina ta zagayo kwangilar ta ƙare, aka daina ganin motar. Masu talla suka koma bakin titi ɗaya bayan ɗaya. Daidai inda Malam Iro yake zama wata mata ta kafa teburin ayaba. Na taɓa tambayar wani a wurin ko an soke dokar ne, ya ce shi bai san da wata doka ba.

Yaya ya bar Sabo ya koma kasuwar Shasha, ya fara sauke buhunan albasa, a hankali har ya samu rumfarsa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. A zaman makokinta ne, muna zaune mu biyu a bakin rijiya, ya ba ni nasa labarin ba tare da na tambaya ba.

"Kowa na zaton kama Malam Iro na je yi," ya ce. "Saude, tun daga mota na gane shi, da tafiyarsa. Akwai wani a cikinmu mai saurin hannu, na ga ya nufe shi. Na ce bari in riga shi, in riƙe farantin kamar na ƙwace, in mun sha kwana in mayar masa. Ina gudu ina cewa, Baba tsaya, ni ne, Sabi'u ne. Ya waigo. Wallahi ya kalle ni. Amma ba fuskata ya gani ba."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa wa mutane ba?"

Ya ce, "In na faɗa zai tashi ne?"

Yanzu ni ma Turanci nake koyarwa a wata makaranta a nan Ibadan, kuma kowace shekara sai mun iso kan kalmar. Ina rubuta ta a allo, in ba da misalai: a tilasta bin dokar hanya, a zartar da hukuncin kotu, a tabbatar an cika yarjejeniya. Ina gaya wa yara gaskiya, cewa dokar da ba mai tsaya mata ba doka ba ce, kuma titin da ba a gyara ba shi ma yana cin rai. Yaya bai yi ƙarya ba a wancan maraicen. Sai dai ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce ga masu taurin zuciya, na ce in mutum na da tausayi ya tsira. Ga shi Tanko ya yi kuka ya kwara ruwa, Yaya kuma ya yi gudu don ya yi ceto, sanyin da ya kama su iri ɗaya ne. Wanda ya ba da umarni ya manta, wanda abin ya faɗa wa ya tafi da yafiyarsa, sai na tsakiya aka bari da abin a hannu. Ban san me Iya take so ya yi ba. Ya ƙi aikin, alhali Baba na kwance? Ina jin ita ma ba ta sani ba. Ta dai hango abin yana zuwa, kuma tatsuniya ce kaɗai abin da take da shi.

Daminar bara na je Shasha sayen albasa, na biya ta rumfarsa. Gemunsa ya yi fari, ya fi Baba tsufa a ido lokacin da Baba yake shekarunsa. Muka gaisa, ya cika mini buhu, ya ce bari ya tsallaka ya kira mini mai baro. Yana tsakiyar fili hadari ya tsinke, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kasuwa ta hargitse, 'yan dako da mata masu goyo da yara kowa na gudun neman mafaka. Shi kaɗai yake tafiya a hankali, ruwa na dukansa, hannuwansa a harɗe a baya.

Na ɗaga murya na ce, "Yaya, yi sauri mana!"

Matarsa, wadda ta kawo masa abinci tana tsaye kusa da ni, ta dafa hannuna.

"Bar shi, Anti," ta ce. "Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yi gudu ba."